Ranar Da Na Rina Likkafanin Kakata

Shekarun baya, lokacin da na gama makaranta a Jega na dawo gida Aliero ina zaman jiran abin da ni kaina ban san ko mene ne ba, na tafka wata ɓarna da har yau ban manta da ita ba. Da yawanku da rini kuka san ni, kuma kuna yawan tambayata yadda na fara. Kullum sai in ce a waya na koya, in ja bakina. Gaskiya ne a waya na koya, amma akwai saura.

A wancan lokacin ba ni da zama ko kaɗan. Na yi sabulun ruwa, ya ƙi kumfa. Na yi cincin na sayarwa, muka cinye shi a gida. Na fara saƙa hular jarirai, na bar ta rabi da allurar a jiki. Mahaifiyata takan ce idan na fito tsakar gida har kaji tashi suke yi, don sun san ba zan bar su su kwanta ba. Ni kuwa gani nake kowa na tafiya ya bar ni, ƙawayena wasu sun wuce karatu, wasu sun kama sana'a, ni ina nan ina zagaye gida da waya a hannu.

A haka na ci karo da wani bidiyo na wata mata tana rina mayafi. Ba irin rinin da muka saba gani ba ne, wanda za a tsoma kaya ya fito da launi ɗaya. Wannan daga sama fari ne, sai launi ya fara shigowa a hankali, yana ƙara ƙarfi yana gangarowa, har ya kai ƙasa ya yi duhu, kuma ba za ka iya nuna inda wani ya ƙare wani ya fara ba. Na kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga. Da na ji ta ce har da ɓawon albasa ana yi, sai na miƙe tsaye. Mu da ɓawon albasa ke shigo mana har cikin ɗaki idan iska ta kaɗa? Mahaifina manomin albasa ne, bayan gidanmu kuwa rumfunan ajiyarta ne jere. Abin da muke sharewa muna ƙonawa ashe kayan aiki ne.

Na fara da hankici, na koma kan tsohuwar singiletin mahaifina, daga nan na bi ɗankwalayen mahaifiyata da suka koɗe. Na gano ɓawon shi kaɗai launin shayi yake bayarwa, amma idan ina ƙara jar galura kaɗan-kaɗan yayin da nake janye kayan daga ruwan, ƙarshen sai ya yi ja mai duhu kamar tafasasshen zoɓo. Karon farko ke nan da na taɓa wani abu ya yi kyau a hannuna. Sai kaina ya fara rawa. Na ce ƙananan abubuwan nan ba za su jawo mini masu saye ba, babban yadi nake so, dogo, wanda zan shanya daga wannan bango zuwa wancan in ɗauki hoto kowa ya gani.

Wanda ya tashi gida ɗaya da kakarsa ya san yadda abin yake, ɗakinta ba shi da ƙofa a wurin jika. Kakata, mahaifiyar babana, tun ina ƙarama nake yi mata ta'adi. In ɗebe mata ƙuli-ƙuli, in shafe mata mai, in ɗaura sabon ɗankwalinta in zo gabanta ina yanga. Ta ce mini ja'ira, ta ce Allah ya haɗa ni da jikoki irina, ni kuma in ce tsohuwa me za ta yi da kayan gayu. A haka muke, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi. Satin nan kuwa ba ta gida, ta tafi Kuberi ta ƙasar Maiyama wajen goggona da ta haihu, sai an yi suna za ta dawo.

Na shiga ɗakin na buɗe adakarta, na ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa na tarar da wani ƙunshi, an sa shi a leda, an kuma naɗe da tsohon kallabi an ƙulle. Na kwance. Farin yadi ne sol, alawayyo mai kauri, mai yawa, yana ƙanshin turare.

Na san da yawanku kun riga kun gane. Ni ban gane ba. Tsohuwa, farin yadi, ƙasan adaka, ko yaron goye aka ba wa wannan lissafin zai faɗi amsa. Likkafaninta ne. Amma ni a ranar abin da kawai na gani shi ne auduga ce zalla, za ta sha rini da kyau. Har cewa na yi a raina, dubi tsohuwar nan da rowa, ta ɓoye yadi yana neman lalacewa.

Washegari da hantsi mahaifiyata ta tafi gidan barka a unguwarmu. Kafin ta kai bakin titi na ɗora rabin duro a murhu, na cika shi da ɓawon da na tara buhu guda, na zuba gishiri. Da ya dahu na tace, na jiƙa yadin da ruwan rijiya, na ɗaure bakinsa guda a reshen dogonyaron tsakar gida don kada ya taɓa rinin, sauran na tura cikin duro da muciya. Aikin ba wuya gare shi ba, jira gare shi, ni kuwa jira ne ba na iyawa. Sai ka bar shi ya ɗan jima, ka jawo kamu guda ka rataya a igiya, ka ƙara galura a ruwan, ka motsa, ka sake jira. Idan ka yi gaggawa launin ba zai bambanta ba, idan ka bar shi wuri ɗaya ba ka ɗan ɗaga kana saukewa ba, sai ya yi layi kamar an ja da biro. Na yi ta zagaye duron nan, hayaƙi na shiga idona, ina duba agogon waya, ina jawowa. Kafin azahar na gama, na ɗauraye, na shanya shi daga bangon kicin har ƙofar zaure.

Wallahi ya yi kyau. Ko yau da nake da shekaru a sana'ar ban cika samun irinsa ba. Daga fari tas, ya shiga ruwan madara, ya koma shayi, ya yi ruwan goro, ya ƙare da ja mai duhu. Na ɗauki hoto ta kowace kusurwa na ɗora, kafin a jima ƙawaye sun fara tambayar nawa nake yi.

Ina cikin amsa su mahaifiyata ta yi sallama. Ta tsaya ta kalli shanyar, ta ce ma sha Allah, yau dai ɗiyarta ta yi abin kai. Ta bi yadin tana tafe tana dubawa har ta kai farin bakin. Ta kama shi, ta murza tsakanin yatsunta, ta kai hanci. Sai na ga murmushin ya tafi.

"Ina kinka samu yadin ga?"

"Ɗakin Kaka."

"Ina cikin ɗakin?"

"Adaka."

"Bisa ko ƙasa?"

Na ce ƙasa. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta nemi turmin da ke kife ta zauna da mayafinta a ka, ta yi ta maimaita innalillahi a hankali. Da ta samu numfashi ta ba ni labarin da kowa a gidan ya sani ban da ni. Shekarar da kakana ya sauke farali, tun ba a haife ni ba, ya sayi likkafani biyu a can, ya jiƙa su da ruwan zamzam da hannunsa, ya shanya suka bushe, ya ɗauko su har gida. Ɗaya nasa, ɗaya na matarsa. Nasa an sa masa ina 'yar shekara uku. Kakata ba ta samu zuwa Makka ba, kuma ta san ba za ta je ba. Wannan yadin shi ne rabonta na tafiyar, shi ne kuma abu na ƙarshe da ya rage mata daga hannun mijinta. Ni kuma na dafa shi da ɓawon albasa.

Saura kwana huɗu ta dawo.

Na goge hotunan, na kwashe yadin na kai bayan ɗaki. Kwana biyun farko ban san inda kaina yake ba. Na wanke inda ya rinu da garin sabulu har fatar yatsuna ta saɓule. Na matse lemun tsami kwano guda na jiƙa, na shanya a rana, launin ya ɗan yi haske kamar yana mini dariya. Wata ƙawata ta ce in gwada kanwa, na gwada a gefe, wurin ya ƙara duhu. Na sayo ruwan bilic na tsoma kusurwar da ta fi ja, ban sirka ba don ina sauri. Ta yi dabbare-dabbare, da na ja sai ta yage a hannuna kamar takarda. Nan na zauna a ƙasa da ƙyallen a hannu. Abinci ma a tsaye nake ci, in kai loma biyu in koma in duba ko ya canja, kamar zai canja don na juya baya.

Rana ta uku na ce wa mahaifina zan je Jega karɓo takarda a makaranta. Na hau motar haya da ƙyallen a jaka. A bayan kasuwa akwai wani dattijo mai rinin shadda, hannuwansa sun rine har gwiwa. Na gaishe shi na miƙa masa, na ce so nake ya koma fari. Ya tambayi abin da na zuba, da ya ji ɓawon albasa sai da ya yi dariya har ya ajiye sandarsa, ya ce lalle daga Aliero nake. Da na gaya masa ko yadin mene ne, dariyar ta tsaya. Ya juya ƙyallen, ya mayar mini.

"Ɗiyata, in baƙi kika so, yanzu a yi miki shi ƙirin. Hwari kau ba mu da shi nan. Kuma ko kin samu ya yi hwari, ruwan da anka sa mishi tun hwarko kin riga kin dahwe shi."

Wannan maganar ta ƙarshe ban taɓa kawo ta a raina ba. Kwana biyu ina faɗa da launi, alhali abin da ya sa yadin ya zama abin da yake tun ranar farko ya bi ruwan duro na zubar a kwata.

Daga nan ƙafata ta kai ni layin masu yadi. Ba zan ce shawara na yanke ba, na dai tsinci kaina a gaban wani shago ina cewa a ba ni alawayyo na likkafanin mace, mai kauri. Mai shagon ya gyara fuska, ya yi mini ta'aziyya, yana aunawa yana addu'a. Ya tambaya yaushe ta cika. Na ce tana nan da ranta, tana Kuberi wajen suna. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da awonsa.

A gida na wanke sabon yadin sau biyu don taurin ya fita, na turara shi da irin turarenta, na ninke, na sa a leda, na naɗe da kallabin. Ƙullin ne ya ba ni wuya, don ban lura da yadda ta yi nata ba. Na ƙulla na kwance ya kai sau biyar. Rinannen kuma na tura shi ƙarƙashin katifata. Mahaifiyata tana kallona ta taga duk abin nan. Da na fito ta ce ita ba ta gani ba, ba ta ji ba, ba za ta kai maganar gaban mahaifina ba, amma in sani ranar da tsohuwa ta tambaye ta, ba za ta yi mata ƙarya ba.

Kaka ta dawo da tsarabar dakuwa da labarin suna, wa ya zo, wa ya ƙi zuwa, wa ya ci nama ya fi kowa. Ta jefo mini ƙullin dakuwa ta ce in ci in yi ƙiba ko wani ya taya. Na yi dariyar da ban san daga inda ta fito ba. Ta shiga ɗaki, na kasa kunne. Na ji ƙarar murfin adaka, na ji ta rufe. Ta fito ta ci gaba da labarin suna.

Da na ɗauka idan ta dawo ba ta gane ba hankalina zai kwanta. Ashe lokacin ne abin ya fara. Na zama jikar kirki dare ɗaya, in share mata ɗaki, in kai mata ruwan alwala, in wanke mata kwanon fura. Har ta ce ko dai wani abu nake nema, in faɗa tun da wuri don ba ta saba da ladabina ba. Idan ta yi tari sai gabana ya faɗi. Idan ta daɗe a sujada sai in tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta har ta ɗago. Tunani ɗaya ne ke bina ko'ina, matar nan za ta iya rasuwa yau ko gobe, a naɗe ta da yadin kasuwar Jega, kowa na cewa ga na zamzam ɗin da Alhaji ya kawo, ni kaɗai da mahaifiyata muka san ba shi ba ne.

Har malamar islamiyyarmu na je na tambaya, na ce wai wata ce abin ya faru da ita. Ta ce likkafani dai tufa ne mai tsarki da zai rufe mamaci, jiƙa shi da zamzam ba sharaɗi ba ne. Na fito da sauƙi a raina, na yi wuni guda ina jin daɗi. Washegari na ga Kaka zaune a bakin gado, ta ɗora tafin hannunta a kan murfin adakar tana jan carbi, sauƙin ya gudu. Rinin ma na daina. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce galura ta yi tsada.

Mun kai wajen wata biyu a haka, sai damina ta sauka, zazzaɓi ya kwantar da ita. An kai ta asibiti an dawo da magani, amma kwana uku ba ta iya tashi zaune sai an riƙe ta. Ranar nan da la'asar ina zaune a gefenta ina mata fifita, ta buɗe ido ta kira ni. Ba ta ce ja'ira ba, sunana ta kira.

"In ta Allah ta kasance, kayana na nan ƙasan adaka. Ke ad da wayo, ki tsaya bisa kai. Kak ki bari ruɗewa ta sa su aika kasuwa. Wanda Alhaji yak kawo man, shi nika so."

Na ce to. Na ci gaba da fifita. Na yi kamar sau goma, sai na ajiye maficin na fita. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na ɗaga katifa na jawo yadin, na dawo na durƙusa a gaban gadon na ajiye shi, na faɗa mata komai, tun daga bidiyo har mai shagon Jega. Ina magana ina kuka, ina haɗa farko da ƙarshe.

Ta saurara har na gama. Ta ce in tayar da ita zaune. Ta ce in warware. Ɗakin bai isa ba, sai na riƙa miƙa mata tana ja, yana taruwa a cinyarta. Ta fara daga jan bakin, ta ga inda ya yage, ta wuce. Tana ja launin na raguwa a hannunta, har ta kai inda yake fari. Nan ta tsaya, ta riƙe shi da hannu biyu. Na jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji daɗi. Sai na ga hawaye na bin fuskarta ba sauti. Tunda nake ban taɓa ganin kukanta ba.

"Da kin yi shiru, da na tahi ban sani ba," ta ce.

Ban gane ko godiya ce ko tuhuma ba. Ta ce in fita in ja mata ƙofa.

Allah ya ba ta lafiya, ta tashi. Amma wasa ya mutu tsakaninmu. Idan na gaishe ta sai ta amsa da kyau, ta tambayi gajiyata kamar baƙuwa. Idan na kai mata ruwa ta ce an gode. Ba ja'ira, ba tsokana. Na ɗauki man shafawarta da gangan na shafa a gabanta, ta kawar da kai. Ba ta gaya wa mahaifina ba, ba ta gaya wa kowa ba, kuma yadin yana wurinta. Duk hukuncin da na taɓa sha a gidan nan babu wanda ya kai wannan ladabin nata ciwo. Na rame, na koma zagaye gida, sai dai yanzu ba na kusantar ƙofarta.

Ranar wata Juma'a da safe, bayan kusan sati uku, ta leƙo ta ce in zo da almakashi. Na tarar ta shimfiɗa farin bakin a kan tabarma. Ta auna da hannunta daga gwiwa zuwa yatsa, kamu ɗaya, kamu biyu, da ɗan ƙari. Ta ce wannan bai shiga duro ba ko? Na ce bai shiga ba, yana ɗaure a reshe, ruwan rijiya kawai ya taɓa. Ta ce to zai yi kallabi, sauran jiki na Jega ya rufe, ai shi ma da guminki kika saya. Na sa almakashi daidai inda farin ya ƙare, ta riƙe hannuna ta matsar da shi gaba kamar faɗin yatsa uku, cikin inda launi ya fara shigowa. Na ce Kaka nan ya fara rinuwa. Ta ce ta gani, ba makauniya ba ce, in an yanke daga can ba zai zagaye kai ya ƙullu ba.

Na yanka. Ta ninke shi ta haɗa da sabon yadin, ta ƙulle su a tsohon kallabin da irin ƙullinta, wannan karon na kalla da kyau. Ta tura mini ragowar rinannen da ƙafa, ta ce in kwashe tsiyata.

"Kuma ke za ki ɗaura man shi, ja'ira. Tunda kin iya taɓa kayan mutane."

Da na ji kalmar nan sai na fashe da kuka da dariya a haɗe, ta ce in tashi in ba ta wuri kada in jiƙa mata tabarma.

Bayan nan na koma rini, a hankali ya zama sana'ar da kuka san ni da ita. Mutane kan ce labarin nan darasi ne a kan gaskiya, ni kuwa ban cika yarda ba. Har yau ban tabbata don ita na faɗa ba ko don kaina. Ita tana zaune lafiya da abin da ta sani, ni ce ba na iya zama. Na sauke kayana na ɗora mata, na samu barci, ita ta rasa abin da ta riƙe shekara da shekaru. Wani lokaci in ce gara da na faɗa, wani lokaci in ce son kai ne. Abin da na tabbatar kawai shi ne, wasan jika da kaka yana da iyaka, kuma ba ita ce za ta nuna maka iyakar ba, don ba ta taɓa zaton za ka kai can ba.

Ta ƙara shekara shida a duniya. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ina gidana a Jega aka kira ni. Kafin in iso har wani ya tashi zai tafi kasuwa, mahaifiyata ta tsayar da shi ta ce a jira ni. Ni na buɗe adakar, na kwance ƙullin. Na shiga wurin wanka tare da wasu dattijai mata biyu, ban taɓa shiga irin wurin ba sai ranar. Da aka zo kan kallabi na miƙa hannu na ce ni ta bar wa. Ɗaya daga cikinsu ta ɗaga shi ta ga gefen nan da rini ya taɓa, ta ce wannan ya yi datti, a kawo reza a rage. Na ce ba datti ba ne, kuma in an rage ba zai isa ba, ita da kanta ta auna.

Na ɗaga kanta, na naɗe gefen mai launin ta ciki, wajen ƙeyarta, na zagayo da farin na ƙulla. Ya isa daidai, ko yatsa ɗaya bai yi saura ba.